Tarihin Ginin Ajiya, Daga Rumbu Zuwa Banki

Wanda ya fita daga birnin Kano ya nufi arewa, ko ta hanyar Dambatta ko ta hanyar Bichi, zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona ce ke bin gona, gawo da ɗorawa da kuka suna tsaitsaye a cikinsu, ga gidaje a warwatse, ko wanne da rumbunansa. Mutumin da ya tashi a wannan ƙasa, ranar da ya fara shiga banki a birni, gabansa ya kan faɗi, ya ga kamar ya shiga gidan da ba na irinsa ba. Alhali kuwa aikin da aka gina gidan nan dominsa tsohon aiki ne wanda kakanninsa suka sani sarai, watau ajiya.

Abin da mu ke so mu nuna a nan shi ne, ko wane ginin ajiya abu biyu ne ke yanke siffarsa. Na farko irin dukiyar da za a sa a ciki, na biyu irin abin da a ke tsoron ya ci ta. Wanda ya riƙe wannan zai iya duban tsohon gini ya karanta labarin mutanen da suka yi shi, kamar yadda ya ke karanta takarda.

Rumbu

Dukiyar manomi ta farko hatsi ce, abokan gabanta kuwa sanannu ne: damshi, da gara, da ɓera, da gobara. Dubi rumbu da kyau za ka ga ko wane sashe nasa amsa ce ga ɗaya daga cikinsu. Ba a ɗora shi a ƙasa, sai a kan duwatsu, don iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi, ruwan damina ya wuce bai taɓa gindinsa ba. In gara ta fara hawa, maigida zai ga hanyarta a jikin dutse tun ba ta kai ga hatsi ba, kaji ma su taya shi tsince ta. Rumbun da a ke ginawa da laka, wanda a ke kira rufewa, a kan yi shi da faɗin ciki da ƙaramin baki a can sama, a goge jikinsa ya yi sumul yadda ɓera ba zai sami wurin kamawa ba. Sa'an nan a kifa masa jinka mai tsini, wadda gefenta ya zarce bango, don ruwa ya zuba nesa da shi. Kuma ba a manna shi da ɗakin girki, don gudun wuta.

Akwai wani abokin gaba wanda ba a cika faɗa ba, shi ne hannun mutanen gida. Sabo da shi ne bakin rufewa ya ke a sama, ba a shiga sai da tsani, kuma bisa al'ada maigida ne ke buɗewa ya fitar da damin da za a sussuka. Hatsin da a ke wahala kafin a kai gare shi ba ya saurin ƙarewa. Mai hali kuma ya kan keɓe rumbun tsimi, wanda ba a taɓawa sai shekara ta ɓaci.

Ba don wasa magabata su ke wannan tsantseni ba. A shekarar 1913 ruwa ya ɗauke, aka shiga 1914 da yunwar nan da a ke kira Kakalaba, mutane da yawa suka mutu, waɗansu suka bar garuruwansu. A irin wannan shekara tsohon hatsin da ke cikin rumbu shi ne ke tsakanin gida da halaka.

Soron Attajiri

Da muka koma birni, sai mu tarar dukiya ta sake kama. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kasuwar Kurmi ke ci, fatake na kawo goro daga Gwanja, Larabawan Gadamus da na Tarabulus na kawo hajar arewa. Kuɗin ciniki a ƙarni na 19 wuri ne. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar wuri 2,500 ne a ke canzawa da liyari ɗaya na azurfa. Biyar biyar a ke ƙirga shi a ƙasa, a tara a ɗinke cikin keso, keso ɗaya wuri 20,000, kayan ƙato guda. Ka ga ashe mai dukiya a wannan zamani ba aljihu ya ke bukata ba, ɗaki ya ke bukata. Ga kuma turamen zane da fatu da goro, waɗanda wuta ko yoyo kan lalata cikin dare ɗaya.

Amsar da maginan Hausa suka bayar ita ce soro. A haƙo ƙasa mai kyau, a kwaɓa da ruwa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta tsima, a mulmula tubali a shanya. Magini ya jera tubalan nan tsininsu na duban sama, yana cike tsakaninsu da laka, bango ya tashi da kauri ƙwarai a gindi yana raguwa har zuwa sama. Mai son huda irin wannan bango da dare sai ya kwana yana aiki. Rufi kuwa da azara a ke yi, watau tsagin giginya, domin gara ba ta cika cinta ba. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa shida, sabo da haka in ana son ɗaki mai faɗi sai a yi tauyi a kan bango, ko a tayar da baka daga ɓangarori su haɗu a tsakiya, shi ne ɗaurin guga. A bisa azara a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa a daɓe, a yi rawani kewaye, a fitar da indararo don ruwa ya zuba nesa da bango. Mai hali ya shafe rufin da laso, wanda a ke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, bango kuma a yaɓe shi da makuba ta kwasfar ɗorawa. Gobarar da ta cinye ɗakunan jinka na unguwa ta kan bar soro a tsaye.

Wurin da a ke sa taska ma da hikima. Baƙo ya kan tsaya a zaure. Kafin a kai taska sai an wuce zaure, an ratsa ƙofar gida, an shige shigifa, ko wane mataki da idon da ke kallo. Taskar kanta ba ta da taga sai 'yar kafa a can sama, ƙofarta ɗaya, da ƙyauren katako mai ɗamarar ƙarfe. A irin waɗannan gidaje fatoma ke saukar da baƙin fatake, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu masu saye, ya riƙe musu kuɗi har su dawo. Ba rasit, ba sa hannu, sai shaidu da sunan maigida. In ya ci amana sau ɗaya labari ya bi ayari, zaurensa ya mutu.

Baitulmali

Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu 1903. Ba a daɗe ba aka fara fito da kuɗin ƙarfe masu huda a tsakiya, kobo da anini, ga kuma sule da sisi da taro na azurfa, wuri ya soma ja da baya. Wajen 1910, zamanin Sarkin Kano Abbas, aka kafa baitulmalin En'e, bisa tsarin da wani Bature mai suna Palmer ya fara gwadawa a Katsina. Rabon En'e na haraji da jangali ya daina shiga hannun mutum, ya koma shiga ma'aji ɗaya, daga nan a ke biyan Sarki da hakimai da alƙalai albashi, a yi ayyukan ƙasa.

Kuɗin nan daga ƙauyukanmu su ke fitowa. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, malaman hakimi su ƙirga su rubuta, a zuba a akwatuna a kai birni da rakiya. Haka aka yi ta yi har 1979, sa'ad da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano.

To, a nan wani sabon tsoro ya shigo. Dukiyar jama'a ba ɓarawon waje kaɗai a ke jiye mata ba, har da wanda aka ba riƙonta. Sabo da haka ginin ya rabu biyu: ga ɗakin ajiya mai ƙofar ƙarfe, ga ofis inda malamai ke zaune da littattafan lissafi. Ƙa'idar ɗakin ajiya kuwa, a baitulmali ko a banki, ita ce makulli biyu a hannun mutum biyu, ɗaya ba ya buɗewa sai da ɗaya. Tun daga nan takarda ta fara raba aikin tsaro da bango, domin abin da littafi ya ce akwai, dole a buɗe a same shi.

Banki Ya Zo Kano

A 1894 aka kafa Bank of British West Africa, da ofishinsa a Ikko. Jigonsa Alfred Jones ne, shugaban kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, kuma babban aikinsa na farko shi ne shigo da kuɗin azurfa daga Ingila. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya barke a 1912, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna a gabas da birni, bayan ganuwa, kusa da tasha. A nan bankin ya buɗe reshensa, har yau kuwa akwai titin da a ke kira Titin Banki a wannan yanki.

Manomi ba ya sayar da gyaɗa sai da kuɗi hannu, kuma a farkon al'amari ba ya son na takarda. Don haka da kaka ta gabato sai a yi ta lodo akwatunan sule daga Ikko. Kamfanoni su ɗiba daga banki su ba 'yan baranda da wakilansu, su kuma su bazu kasuwannin ƙauye. Manomi ya karɓa ya biya haraji, kuɗin su bi ta hannun hakimi zuwa baitulmali, su sake komawa banki. Fam ɗaya sule 20 ne, fam 100 sule 2,000 ke nan, nauyinsu ya ɗara kilo 11. Fam 10,000 sun fi tan guda. Wannan nauyi shi ya sa ɗakin ajiyar banki ya ke a ƙasa, da daɓen siminti mai kauri, da ƙofar ƙarfe wadda a ke yowa daga Ingila. Siminti da ƙarfe da kwano kuwa jirgin ƙasa ne ya sauƙaƙa kawo su. Kafin wannan Turawa ma a soro su ke zama, shaida ita ce Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna.

Irin ginin da Turawan ciniki suka saba yi a wannan zamani, rabinsa tsaro ne rabinsa maganin zafi. Rufi mai tsawo don zafi ya tashi sama, baranda don rana kada ta bugi bango, tagogi manya amma da sandunan ƙarfe. Sau da yawa manaja a bene ya ke kwana, bisa kan kuɗin da ya ke tsaro. A ciki kuma ga doguwar kanta ta raba mai kawo kuɗi da mai karɓa. In ka lura, tsarin gidan fatoma ne aka maimaita: filin gaban kanta shi ne zaure, ofishin manaja shi ne shigifa, ɗakin ƙarfe shi ne taska.

Amma gini bai isa ya jawo jama'a ba, sai da wani wanda suka yarda da shi ya fara shiga. Labarin da ya shahara shi ne, a 1929 Alhaji Alhasan Ɗantata ya kai wa bankin nan ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma 20, bai kuma yarda a ba shi ruwa a kansu ba, sabo da addini. Ɗantata ya rasu a 1955. Bankin ya sauya suna ya zama Bank of West Africa a 1957, daga baya Standard Bank, a 1979 kuma ya zama First Bank. Banki cikakke wanda ba ya ba da ruwa kuwa sai a 2012 aka same shi a ƙasar nan, sa'ad da Jaiz ya buɗe rassansa na farko a Abuja da Kaduna da Kano.

Wani Misali Daga Ingila

Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai tsoro ke yanke wa gini siffa. Bari mu leƙa ƙasar da bankin nan ya fito. An kafa Bankin Ingila a birnin Landan a 1694. A watan Yuni 1780 tarzoma ta tashi a birnin, 'yan tarzoma suka kai wa bankin hari, sai da soja suka kore su. Daga ranar aka riƙa aiko da soja suna kwana a bankin ko wane dare, ba a daina ba sai a 1973.

A 1788 aka ɗauki wani gwanin zanen gini mai suna John Soane, ya yi wa bankin aiki shekara 45, har 1833. Ya kewaye filin duka, fiye da eka uku, da bangon dutse wanda ba shi da taga ko ɗaya mai duban titi. Don kada bangon ya yi muni sai ya yi masa ginshiƙai irin na mutanen Rum na dā, da siffar tagogi waɗanda a toshe su ke. To, ina haske zai fito? Sai ya yi wa manyan ɗakunan rufi mai kama da ɗaurin guga, ya buɗe tagogi a can ƙololuwa, haske ya riƙa saukowa daga sama. Ya kuma guji katako a rufin don gudun gobara. Da Sarkin Magina na Kano zai ga wannan aiki, da ya gane shi nan take.

Daga 1925 zuwa 1939 bankin ya ga wuri ya yi masa kaɗan, aka sa wani mai suna Herbert Baker ya rushe kusan dukan ɗakunan Soane, ya tayar da dogon bene a tsakiya. Bangon waje aka bari, yana nan har yau. Masanan gini na Ingila suna lissafa rushewar nan cikin manyan hasarorin birninsu. Yanzu hukuma ta sa ginin a sahun farko na gine-ginen tarihi waɗanda doka ta hana a taɓa sai da izini, amma abin da aka riga aka rushe ba ya dawowa.

Ƙarfin Banki Ba A Bango Ya Ke Ba

A farkon shekarun 1950 an buɗe ƙananan bankuna da yawa a kudancin Nijeriya, akasarinsu suka karye, kuɗin mutane suka salwanta ba tare da an fasa ƙofa ko ɗaya ba. Wannan ya sa aka yi dokar banki ta 1952. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ran 1 ga Yuli 1959. A zamanin Sardauna aka kafa Bank of the North, hedkwatarsa a Kano, daga baya ya gina dogon bene a kan hanyar Zariya aka sa masa sunan Ahmadu Bello. Amma da Babban Banki ya ce a 2004 ko wane banki sai ya mallaki jarin naira biliyan 25, ba tsawon bene aka auna ba. A 2006 aka haɗe shi da waɗansu bankuna aka sami Unity Bank. Tun 1988 kuma aka yi dokar kafa hukumar inshorar kuɗin masu ajiya, wadda ke biyan mai ajiya har zuwa wani adadi in bankinsa ya karye.

Mai binne kuɗi a tukunya shi ma tsoronsa ya sake. Azurfa ta kan daɗe a ƙasa, takarda kuwa abincin gara ce. Ko gara ba ta ci ba, canjin kuɗi kan ci. An canza a 1973 da aka koma naira da kobo, aka sake launin takardun a 1984 da wa'adin 'yan kwanaki, aka kuma sake fasalin manyan takardu a ƙarshen 2022, mutanen ƙauye suka sha wuya wajen kai nasu. Yau a kasuwannin ƙauyukanmu za ka ga yaro a ƙarƙashin laima da 'yar na'ura a hannu yana aikin da dā sai an je Titin Banki. Sabo da haka wanda zai ba da ajiya, ya tambayi ko wurin na da lasisin Babban Banki, ya karɓi rasit ya karanta, kada kuma ya faɗa wa kowa lambarsa ta asiri. Ba a ba kura ajiyar nama don ta gina ɗaki mai kyau.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

A ƙasarmu ma akwai dokar tsare kayan tarihi tun 1953, a 1979 kuma aka kafa hukumar da ke kula da su. Albarkacin wannan Gidan Makama na Kano, wanda asalinsa ke komawa zamanin Rumfa, ya zama gidan tarihi, kowa na iya zuwa ya ga ɗaurin guga da idonsa. Amma doka ba ta san ko wane gini ba. Soro kuwa in aka bar shi damina biyu ko uku ba yaɓe, sai indararo ya toshe, ruwa ya kwanta, azara ta ruɓe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ruwa ya bari kuma mai neman filin shago ya ƙarasa shi.

Kai da ka koyi karatu da rubutu, ga wani aiki da za ka iya. Duba garinku, ko akwai tsohuwar taskar wani attajiri, ko ɗakin da a ke tara haraji a gidan hakimi, ko tsohon kantin awon gyaɗa. Je ka wurin dattawa ka tambaye su wa ya gina shi, a zamanin wane hakimi, daga wace kududdufi aka ɗebo ƙasarsa, me a ke ajiyewa a ciki. Auna tsawonsa da faɗinsa da kaurin bangonsa, ka rubuta duka a littafi, ka kai wa dagaci ko malamin makaranta kwafi ɗaya. In an tashi rushe shi ka sami abin da za ka nuna ka yi magana, in kuma ya faɗi jikokinka su sami labarinsa. Sa'an nan kafin ruwan bazara ya sauka ka zaga rumbunka, ka dubi duwatsun gindinsa, ka sake masa jinka in ta tsufa. Allah ya tsare mana abin da muka ajiye, amin.